Ban Ci Ba, Sha Na Yi

Abu na farko da birnin Alƙahira ya yi mini shi ne ya hana ni shiga lif. Da hantsi muka isa gidan da aka kama mini ɗaki, ni da akwatina da Malam Nafi'u, tafintan da aka haɗa ni da shi tun daga gida. Maigadin gidan, wani dattijo mai doguwar jallabiya, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi ɗan akurkin ƙarfen da ke kai mutane saman bene, sannan ya faɗi wata magana yana girgiza kai. Malam Nafi'u ya ƙunshe dariya ya ce, "Hajiya, wai injin ya tsufa. Akwati zai hau, ke kuma ki daure ki bi matakala."

Ɗakin yana hawa na shida. Akwatina ya riga ni isa da kusan rabin awa. Na tarar da shi a bakin ƙofa yana hutawa abinsa, ni kuwa na zube a kansa ina haki, gumi har cikin takalmi. A nan na fara tambayar kaina wane mai hankali ne ya zaɓa wa mai neman maganin ƙiba ɗaki a hawa na shida, kuma har na bar ƙasar ban samu amsa ba.

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma mace mai jiki irin nawa duk inda ta shiga Hajiya ce. Sunana Fanna. Shekara ashirin da biyu ina sayar da shinkafa da miyar kifi a bakin tashar mota ta Nguru, kuma duk tukunyar da aka sauke sai na ɗanɗana, don ba na sayar wa mutane abin da bakina bai shaida ba. Direbobi suna kirana Tirela, ni kuma ina amsawa ba tare da na ji komai ba. A wajenmu ƙiba ba ciwo ba ce, alamar kwanciyar hankali ce. Ban taɓa jin haushin jikina ba sai ranar da ya tsaya tsakanina da ran ƙanena.

Modu ne autanmu, ni na goye shi. Manomin tattasai ne a Gashuwa, yana zaune a gidanmu tare da Iya, mahaifiyarmu. Ciwon ƙodar nan da ba unguwar da bai shiga ba a garinmu, shi ya kama shi yana da shekara talatin da huɗu. Sau biyu a mako ake kawo shi Nguru a yi masa wankin ƙoda, in an gama ya sauka a gidana ya kwanta a tabarma, ƙafafu a kumbure, bakin tsokanarsa kuwa lafiya ƙalau. Da maganar dashen ƙoda ta taso aka gwada mu a Kano, mu biyar 'yan uwansa, aka tarar ni kaɗai ce jinina ya zo daidai da nasa. A gaban likita na rangaɗa guɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ƙodarki ta yi, jikinki ne bai yi ba. Kilo ɗari da goma sha takwas gare ki. In ba ki sauko ƙasa da ɗari ba, ba wanda zai sa miki wuƙa, don ba ma so mu ceci ɗaya mu rasa ɗaya."

Wata takwas ina fama. Na bar tuwon dare, na sha ruwan tsamiya, na sha jiƙon ganyen da ban ma san sunansa ba, na zagaya filin ƙwallo har mata suna leƙowa ta katanga. Na rage kilo uku, na ƙara huɗu. Shi kuwa Modu kullum ƙara lalacewa yake. Ana cikin haka aka ba mu labarin balan-balan: ana zura ta cikin tumbi ta baki, a cika ta da ruwa, ta tare wurin abinci, mutum ya yi loma uku ya ƙoshi. Wata shida take yi a cire ta. Mutumin da ke shirya wa jama'a tafiyar asibiti ya rantse mana cewa sai a Masar ake yi. Aka sayar da fadamar da Baba ya bar mana, aka turo ni. Daga baya ne na ji ashe a Abuja ma ana yi.

Makona na farko ya ƙare a kan kalma biyu, "bukra" da "ma'alesh", wato gobe da yi haƙuri. Likita bai zo ba, bukra. Sakamakon jini bai fito ba, ma'alesh. Shi Malam Nafi'u ɗan ƙasarmu ne da ya je karatu shekaru da yawa da suka wuce, karatun ya ƙare ko bai ƙare ba Allah masani, ya koma rakiyar marasa lafiya. Mu bakwai yake juyawa a lokaci guda. In ka kira shi yana hanya, in ka sake kira ya kusa, in ka kira na uku waya a kashe. A daddafe ya kai ni aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka manna mini wayoyi aka auna zuciya. Duk maganin da aka rubuta kuwa, sai ya wuce shago huɗu da ni a ƙafa, ya kai ni na biyar inda mai shagon yake tarbarsa da runguma. Na gane abin da ake ciki, amma wa zan gaya wa, kuma da wane harshe?

Larabcina na salla ne. Ina iya karanta baƙaƙen da ke jikin allunan shaguna, har in ja su da ƙira'a, amma ban san me na karanta ba. Ranar da na yi ƙarfin hali na shiga tasi ni kaɗai, direban ya ƙetare ruwa da ni sau uku, ni kuwa ina bayan mota ina ta jinjina wa gari mai koguna uku. Sai da yamma Malam Nafi'u ya gaya mini kogin ɗaya ne.

In la'asar ta yi nakan zauna bakin taga ina kallon shanyar mutanen benen da ke fuskantarmu. A daidai wannan lokaci masu kifi daga Dagona suke sauke kwandunansu a gaban rumfata, mu yi ta faɗan ciniki kamar za mu daku, mu rabu muna dariya. A Alƙahira ba wanda ya yi faɗa da ni, ba kuma wanda ya san sunana. Ban san ana kewar faɗa ba sai a can. Abin da ya riƙe ni shi ne ƙullin Iya. Kafin in taho ta yi fura, ta shanya ta bushe, ta daka ta koma gari, da citta da kanumfari, ta ƙulle mini a leda uku. Ta ce, "Ƙasar mutane ba a san abin da za a tarar ba. Wannan ko ba wuta kya dama." Nakan sayo kindirmonsu na kanti in dama, in na kai baki sai in ji kamar ina tsakar gidanmu.

Ranar Asabar ta mako na biyu na samu ganin babban likitan. Mutum ne mai saurin magana, amma bai yi mini rowarta ba. Ya zana tumbi a takarda, ya zana siririn tiyo mai kyamara a kai, ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna agogo, ya ɗaga yatsu uku. Ya ɗauki kofin gilashin da ke gabansa ya ɗaga sama yana nuna mini ruwan da ke ciki. Ya fi minti goma yana bayani. Na juya wajen Malam Nafi'u, wanda tun shigarmu yake latse-latsen waya.

"Malam, me ya ce?"

"A taƙaice dai, Hajiya, ranar Talata ƙarfe tara za a leƙa cikinki da na'ura. In an ga lafiya lau, a nan take a sa balan-balan. Daga yau kwana uku kada ki ci komai, sha kawai. Ranar kuma ki zo da azumi."

"Duk dogon zancen nan da ya yi, shi ke nan?"

"Larabawa akwai jan magana. Sauran duk gaisuwa ce."

Nas ta miƙo wata takarda mai rubutu gaba da baya. Ya karɓa ya linke ya sa a aljihu, ya ce zai karanta mini a hanya. A hanya wani majinyacinsa ya kira, ya tsayar mini da tasi, ya yi gaba.

Allah ne shaidata, ban taɓa bin umarni kamar yadda na bi wannan ba. Bandar kifin da na zo da ita na ƙulle na cusa ƙarƙashin gado. Gurasar da ta rage na bai wa maigadi. Na sauka wajen mai kayan marmari na tsaya ina tantancewa kamar mai ba da fatawa. Ayaba na ɗauka na ajiye, don ayaba ci ake yi. Dabino ma na kau da kai. Mangwaro kuwa sha ake yi, kuma nasu, in za a faɗi gaskiya, ba shi da makusa, don haka na cika leda. Kankana sha ake yi. Lemo sha ake yi. Fura kuwa, tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin wanda ya ce ya ci fura ba. Kwana uku ina dama ta da kauri, yadda in ka tsaida cokali a tsakiya ba zai faɗi ba.

Na kira Modu ina cika baki. "Yau kwana biyu ko loma ban kai baki ba."

Ya ce, "Ya Fanna, ke ce kuwa? A duba mana da kyau, kada a ce an musanya ki a jirgi."

Shi kuwa azumi ba wanda zai koya mini, tun ina 'yar shekara tara nake yin sa. Ranar Talata na tashi kafin asuba na yi sahur ɗina. Na dama fura kwano guda, na bi ta da mangwaro biyu, na ɗaura niyya, ina jin kiran salla na kame baki. Har addu'a na yi Allah ya kai ladan wajen Modu.

Malam Nafi'u bai zo ba, ya turo saƙo yana filin jirgi ɗaukar wani baƙo. A asibiti nas ta dube ni ta ce, "Sayma?" Wannan kalma dai na san ta, mai azumi take nufi. Na dafa ƙirji na ce, "Sayma, alhamdu lillahi." Suka ba ni wata riga da ta ƙi haɗuwa ta baya. Suka kwantar da ni a gefen hagu, suka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, suka sa mini roba mai rami a tsakanin haƙora, suka yi mini allurar barci a bayan hannu. Barcin ya ɗauke ni ina ƙirga wata shida a zuciya, ina ganin dashen zai faɗo kafin Modu ya zuba irin tattasai.

Na farka ina shafa ciki ina neman balan-balan. Likitan yana tsaye a kaina, fuskarsa ta yi jajir, yana ta faɗa. Ya juyo mini da allon na'urar. Ban taɓa ganin cikin mutum ba, amma furar Iya ko a ina na gan ta zan shaida ta. Ga ta nan kwance cike da tumbi, ga zare-zaren mangwaro a kanta.

Sai bayan azahar Malam Nafi'u ya iso. Wannan karon bai taƙaita ba, kalma-kalma ya fassara mini.

"Ya ce da kin yi amai cikin barcin nan ya shiga huhu, da yanzu gawarki ake shirin sa wa a jirgi. Ya ce kin yi musu ƙarya, kin ce kina azumi."

"Ƙarya? Ni? Wallahi tun asuba ko yawu da dabara nake haɗiya."

"To me kika ci kwana ukun nan?"

"Ban ci ba. Sha na yi. Kai ka ce in sha."

"Haba Hajiya! Ai kowa ya san fura abinci ce."

"To me ya hana ka faɗa? Ina takardar da aka ba ka?"

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce tana cikin ɗaya rigar. A nan na yi masa tas a gaban Larabawa, da Hausa, da Kanuri, har da Badancin da rabona da shi tun rasuwar kakata. Bai canza komai ba. Likitan zai yi tafiya, in ya dawo kuma akwai layi. Nas ta rubuta mini sabuwar rana a ƙaramin kati. Na ƙirga da yatsu, kwana goma sha tara. Malam Nafi'u ya ce ma'alesh, shi ma ya koya, ya zame ya bar ni a kan benci.

Ina zaune ina kuka sai na ji an daina goge ƙasa a kusa da ni. Wata siririyar mace baƙa, mai kayan masu shara, ta jingine sandarta ta ce, "Ke 'yar uwa, bar kuka haka. Daga wace ƙasa cikin ƙasar Hausa?"

Na ɗago da sauri har wuyana ya amsa. Kwana goma sha biyu ban ji Hausa daga bakin mace ba. Na ce, "Nguru."

"Nguru ta kusa da Machina? Kakana daga Machina ya taso da ƙafa zai tafi hajji. Ya tsaya a Sudan ya yi noman shekara ɗaya ya samu guzuri, har yau ba mu ƙarasa ba."

Sunanta Asha. Yaƙi ne ya kore ta daga Sudan ita da 'ya'yanta, take shara a asibitin. Hausarta irin ta tsofaffi ce, cakuɗe da Larabci, amma a kunnena ta fi ta rediyo daɗi. Da ta ji abin da ya faru ba ta yi dariya ba. Ta je wajen nas ta karɓo wata takardar, ta ɗauko kofin gilashi ta zuba ruwa, ta sa yatsanta a bayan kofin.

"Kin ga yatsana?"

"Na gani."

"To wannan shi ne sha a wurin likitocin nan. Kwana biyun farko ki sha romo tatacce da madara tsinkakkiya, kada ki bar ko ƙwaya a ciki. Rana ta ƙarshe, duk abin da kika zuba a kofi ba ki hango yatsa ba, abinci ne, ko da sunansa ruwa. Ga ƙwayar magani kuma, kullum ɗaya da safe, ta rage tsamin ciki. Ya gaya miki ita?"

"Bai gaya mini ba."

"Azuminsu kuma ba irin namu ba ne, ba sahur, ba lada. In kika yi isha kin rufe baki ke nan, ko ruwa, har su gama."

Sai a lokacin na tuna likita yana ɗaga kofin gilashi yana nuna mini. Ashe wannan ce gaisuwar da Malam Nafi'u ya ce ba ta da amfani.

Kiran Modu shi ne abu mafi wuya da na yi a tafiyar nan. Ranar wankinsa ce, bai daɗe da sauka daga kan na'ura ba, muryarsa can ƙasa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ya Fanna, wato tirela ta je har Masar, aka buɗe baya aka tarar da lodi."

"Modu, ba abin dariya ba ne. Kwana goma sha tara na ƙara maka."

"Wanda ya yi shekara biyu a kan injin nan, mene ne kwana goma sha tara? Abu ɗaya zan roƙe ki. Kada Iya ta ji cewa furarta ce. Ki ce likita ne ya yi tafiya, ai ba ƙarya kika yi ba. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa alkawari. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyin ƙafa irin waɗannan ba. Bizata ta kusa ƙarewa, na kwashe yini biyu a layin sabuntawa, ana tura ni daga taga zuwa taga. A mako na biyu aka kira ni daga gida, ruwa ya taru wa Modu a ƙirji, sai da aka ƙara masa wanki. Ina riƙe da waya ina zagaye ɗaki, ba abin da zan iya yi. Don takaici na koma sauka da hawa matakalar nan da gangan, sau biyu a rana, maigadi yana kallona kamar mai taɓin hankali. Ledar fura biyu da suka rage na kai wa Asha, don ko ganinsu ba na son yi. Ta kwance ɗaya ta shinshina, sannan ta ce rabonta da ƙanshin nan tun kakarta tana da rai.

Da ranar ta matso na bi dokar yatsa. Komai sai na ɗaga shi a taga na leƙa. Rana ta uku kaina ya yi kamar zai rabe, ƙanshin soya albasa daga ɗakin maƙwabta ya sa ni hawaye, ni da nake ciyar da tasha guda. Asha ta nemi a canza mata aiki zuwa safe don ta tsaya kusa da ni. Da nas ta ce, "Sayma?" ban amsa ba sai da na dubi Asha ta gyaɗa kai. A wajenmu in mutum ya tsorata akan ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Nawa ranar ta hanya biyu ya ɗura, don da na farka an riga an sa balan-balan an cika ta da wani ruwa mai shuɗi. Asha ta fassara mini cewa in na ga fitsarina ya koma kore to ta fashe, in ruga asibiti.

Kwana ukun da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ciki yana murɗawa yana neman ya fitar da baƙuwar da aka cusa masa, amai ba ƙaƙƙautawa, ba kuma abin da ke fitowa. Kullum in ta tashi aiki Asha takan zo, ita lif yana ɗaukarta ba musu. Ta zauna gefen gado tana ba ni ruwa da ƙaramin cokali, ta jira, ta ƙara wani, tana ba ni labarin gidansu da aka ƙona kamar labarin wani take yi. Malam Nafi'u kuwa sai ranar tafiyata ya ɓullo, da murmushi, wai in yi masa 'yar magana a waya ya riƙa kunna wa masu son zuwa. Na ce ya kunna. Ban kai jimla biyu ba ya kashe.

Na dawo Nguru na koma rumfata. Ina dafa tukunya goma a rana, ni kuwa cokali uku ne rabona, in na ƙara na huɗu sai ya dawo. Ranakun wanki ni da Modu mukan zauna a tabarma ɗaya. Shi an ƙayyade masa ruwa, 'yar ƙaramar gora guda ce tasa daga safe har safe, a zafin Nguru. Yana kallon kofina, ina kallon kwanonsa. Wata rana ya ce, "Ya Fanna, ke an hana ki ci, ni an hana ni sha. Da za a haɗa mu da an samu mutum guda mai lafiya."

Na ce, "Ai abin da za a yi ke nan."

Duk ranar da na je Gashuwa sai ya ja ni kasuwa, wajen abokinsa mai sikelin auna buhunan tattasai. In hau, shi ya durƙusa ya karanta, don bai yarda da idon kowa ba. Ɗari da goma sha biyu. Ɗari da shida. Ɗari da ɗaya, wanda ya tsaya cak har mako uku kamar zai kashe ni. Ranar da ya ga casa'in da tara ya miƙe yana tafi da hannuwan nan nasa da suka koma ƙashi, yana gaya wa 'yan kasuwa su zo su ga ƙodarsa ta nuna. Direbobin tasha ma suka sauke ni daga Tirela zuwa A-kori-kura.

Wata shida ya cika, na je Abuja aka cire balan-balan cikin rabin yini, na kwana a gidan 'yar uwa na juyo. A Kano suka sake auna ni, casa'in da bakwai, suka sa ranar dashe bayan mako uku. Iya ta fara wanke wa Modu kayan tafiya.

Saura kwana goma sha ɗaya, aka kawo shi daga wanki ya kwanta a tabarmata. Ya ce, "Ya Fanna, ba ni ruwan randa, kofi cike, mai sanyi. Sau ɗaya kawai." Na duba gorarsa ta kusa ƙarewa. Na ce, "Ka daure, saura kwana goma sha ɗaya. In an gama ka shanye randar gaba ɗaya, ni zan riƙe maka." Ya yi murmushi ya ce to. Na fita duba tukunya. Da na dawo na ɗauka barci yake. Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji.

Na san in kwana ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka, kuma duk wanda ya zo gaisuwa ya sake gaya mini. Amma goma sha tara ya fi goma sha ɗaya da takwas, kuma ban san yadda zan hana kaina sanin wannan ba.

A Gashuwa aka yi zaman makoki. An cire balan-balan, amma cikina kamar bai samu labari ba, kwana uku ko ruwa da kyar yake wucewa. Mata suka kawo tuwo na mayar, suka kawo shinkafa na kau da kai. Da yammacin rana ta uku Iya ta taso daga ɗakinta, tana dafa bango, da 'yar ƙwarya a hannu. Ta zauna kusa da ni ta buɗe faifan. Ƙanshin citta da kanumfari ya bugi hancina.

Ta ce, "Fanna, kin yi iya yinki, har ƙasar mutane kin je masa. Na rasa ɗaya, kada ki sa in rasa biyu. Da hannuna na dama miki. Ko ba za ki ci ba, ki sha."

Na dubi furar, na dubi fuskarta. Alkawari na yi wa Modu. Na sa hannu biyu na karɓa, na shanye tas tana kallona.